Zaren da Yaya Ya Ce Za a Sa wa Baba a Ƙwaƙwalwa

Hannun dama ne ya fara. Na kai wa Baba abincin rana bakin ruwa a Yelwa, inda yake harhaɗa jiragen katako tun ba a haife ni ba, na tarar ya riƙe ƙusa yana son ya saita ta a jikin katako, ƙusar ta ƙi tsayawa. Da ya ga ina kallo sai ya tura hannun cikin aljihu, ya ce yunwa ce. Na yarda. Inna ma ta yarda, har sai da ya fara zubar da shayi a gaban rigarsa kowace safiya.

Ni ce auta a gidanmu, ina koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare cikin gari, don haka ni na kai shi asibiti a Sakkwato. Likitan ya ce ciwon karkarwa ne. Wani ɗan wuri can ƙasan ƙwaƙwalwa ya gaji, ba ya aika saƙo ga gaɓoɓi yadda ya saba. Ba ya warkewa, in ji shi, amma akwai ƙwayoyin da ke kwantar da shi. Suka kuwa kwantar. Sau uku Baba yake sha a rana, kuma in ya sha, kafin a gama shan shayi hannun ya lafa. Ya koma bakin ruwa. Manyan ƙusoshi ya bar wa masu ƙarfi, shi yana auna katako yana duba haɗi. Duk bayan wata uku mu hau mota mu koma wurin likita. Haka muka yi shekara huɗu, ba daɗi, amma ana rayuwa.

A shekara ta huɗun ne Yaya ya zo gida, lokacin cirar albasa, gari duk warinta. Shi ne ɗan fari. Ya daɗe a ƙasar waje, ya yi karatun injiniya, ya zarce da aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje inda ake ƙera kayan asibiti. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "wancan". Baba kuwa Likita yake ce masa, ko da yake an sha gaya masa ba likita ba ne.

Kwana biyu da zuwansa, da hantsi muna zaune a tsakar gida, Baba ya ce, "Likita, wai mi kake yi a can ne? Kowa ya tambaye ni sai in ce aikin asibiti."

Yaya ya yi murmushi, ya ce in kawo masa ragowar kokon safe da ya daskare a roba. Ya karɓi allura wurin Inna ya karya, ya ɗaura ɗan guntun a bakin zare. Sannan ya tambayi Baba ko har yanzu yana da mayen ƙarfen nan na tsohuwar lasifika, wanda yake tsince ƙusoshi da shi a cikin yashi. Aka ɗauko.

Ya ce tun da daɗewa likitoci suna yi wa masu irin ciwon Baba aiki. Ana huda ƙoƙon kai, a zura siririyar waya har ta kai wurin da ya gaji, a haɗa ta da ɗan batir da ake ɓoyewa ƙarƙashin fatar ƙirji. Ɗan lantarkin da wayar ke kaiwa shi ke tsayar da karkarwa. Matsalar ita ce wayar miƙaƙƙiya ce kamar ƙusa, ba ta san kwana ba, duk abin da ke kan hanyarta sai ta ratsa shi, ko jijiyar jini ce. Su kuwa a ɗakin gwajinsu abin da suke ƙerawa, waya ce mai taushi kamar zare, da 'yar ƙwayar maganaɗisu a bakinta. Manyan mayun ƙarfe suna waje, kewaye da kan mutum, su ke juya bakin zaren dama ko hagu yayin da ake tura shi a hankali.

Ya nutsa guntun allurar cikin kokon, ya kai mayen ƙarfen gefen robar. Muka ga kokon yana ɗan tsagewa, allurar tana tafiya, zaren yana bin ta. Ya zagaya da hannunsa, ita ma ta yi kwana. Inna ta yi salati.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ai wanga tuƙin jirgi ne. Tun da aka yi madatsa aka tare ruwan ga, itatuwan tsofaffin garuruwa suna nan ƙasa tsaye. Baƙo ya miƙe sak, kututture ya fasa mishi jirgi. Ɗan gari shi ka bi ta tsakaninsu."

"Wallahi Baba ka fi wasu da nake aiki da su fahimta," in ji Yaya.

Baba ya ɗaga hannunsa yana dubawa, lokacin maganin safe ya fara sakinsa. "To ni za a iya yi mini?"

Ina zaune kusa da Yaya, na ga fuskarsa. Bai yi jim ba ko kaɗan. Ya ce, "Don wa nake yi in ba don kai ba? Da an buɗe ƙofa, kai ne na farko in sha Allahu."

Washegari ya kira ni gefe ya ce yana buƙatar bidiyon Baba, zai nuna wa likitocin can don su sa shi a layi. Sai dai akwai sharaɗi. Dole su ga ciwon yadda yake, ba magani a jiki. A dakatar da ƙwayoyin kwana biyu.

Na ce, "Yaya, likitanmu ya ce kada a taɓa tsallake ko sau ɗaya."

"Ke Auta, ni da likitan Sakkwato wa ya fi sanin abin nan?"

Da hannuna na ɗauke kwalbar daga kan tagar Baba na sa a jakata.

Ban taɓa ganin mahaifina kamar yadda na gan shi a rana ta biyu ba. Jikinsa ya sandare, fuskarsa ta daina motsi, hannayen biyu suna kaɗawa ba tsayawa. Alwalar asuba Inna ce ta yi masa. Yaya ya ce a fito da shi ƙarƙashin darbejiya inda haske ya fi kyau, a cire masa riga da hula don a ga kafaɗu da kai sosai. Aka bar shi da singileti. Ni na riƙe wayar. Yaya yana gefe yana faɗa mini abin da za a yi, ni kuma ina gaya wa Baba. Ya ɗaga kofi. Ya sa maɓalli. Ya tashi ya taka zuwa bakin rijiya ya dawo. Kunun da ke kofin duk ya ƙare a cinyarsa, Yaya ya ce a ƙara wani a sake. A wajen juyowa daga rijiya ƙafarsa ta maƙale a ƙasa, ya tafi gaba ɗaya ya faɗi a kan gwiwa. Na yar da wayar na ruga. Da muka ɗaga shi, abin da ya fara tambaya shi ne, "An samu yadda ake so?"

Yaya ya koma bayan mako guda. Maganin ya ɗauki kusan wata kafin ya sake kama jikin Baba, kuma a ganina bai taɓa komawa daidai yadda yake ba. Amma Baba bai damu ba. Muka je Birnin Kebbi aka yi masa fasfo, ya sa a leda ya ajiye cikin akwatin da yake ajiye takardun fili. Kowace Juma'a in wanzami ya zo, sai ya ce a yi masa ƙwal, don kada kira ya zo a ce sai an tsaya aski. Duk bakin ruwa aka sani. Masunta daga Wara, masu kawo itace daga Shanga, duk wanda ya tsaya gyaran jirgi sai ya ji labarin zaren da mayen ƙarfe ke ja, Baba yana kwatanta masa da yatsa a kan yashi.

Ya kuma daina zuwa Sakkwato. A zuwanmu na ƙarshe likitan ya ce lokaci ya yi da za a canza masa tsarin magani, a yi wasu gwaje-gwaje, har ya yi maganar rubuta mana takarda zuwa wani babban asibiti da ake irin aikin nan na miƙaƙƙiyar waya, tun Baba yana da sauran ƙarfi. Baba ya yi masa godiya, ya ce ɗansa yana shirya masa wanda ya fi wannan. Daga nan sai dai in sayo masa tsofaffin ƙwayoyin a kemis. In na matsa, ya ce, "Ɗiyata, a huda kan mutum sau biyu?"

Duk ranar Lahadi Yaya yana kira. Baba ya ce, "Likita, ina labari?" Shi kuma ya ce ana nan ana ta takardu, Turawa ba sa gaggawa. Damina biyu ta wuce a haka.

Wata ranar Talata ina ɗakin malamai ina duba jarrabawa, malamin lissafi ya matso da wayarsa, yana murna. "Malama, wannan ba yayanki ba ne? Ai ya fito da mu!"

Yaya ne a kan wani dandamali, cikin kwat, da ɗan makirufo a gefen bakinsa, gabansa jama'a cike da zaure. Yana magana da Turanci, a nutse, yana da kyau kamar kullum. Ya nuna hoton zaren yana tafiya cikin wani abu mai kama da kamu. Sai fitilu suka rage, bangon da ke bayansa ya cika da Baba. Babana, da singileti, kai ba hula, an faɗaɗa shi har ya fi ƙofar masallaci tsawo, kunu yana zuba a cinyarsa. Na ji muryar mace tana cewa, "Baba, sake ɗagawa." Sai da ta maimaita na gane tawa ce. Har faɗuwar an bari, da yadda hoton ya kife ya nuna ƙasa.

Yaya ya ce wa mutanen wannan mahaifinsa ne, yana zaune a wani ƙauye bakin tafki inda babu likita. Ya ce tun da ciwon ya kama shi bai taɓa samun ko ƙwaya ɗaya ta magani ba. Kyamara ta juya kan jama'a, wata farar mata tana share ido.

A ƙarshe wani ya tashi ya tambaye shi yaushe abin zai kai ga mutane. Yaya ya ce gaskiya da sauran tafiya mai nisa. Har yanzu a cikin wani daskararren ruwa suke gwadawa, da ƙwaƙwalwar tumaki da suke karɓowa daga mahauta. Ko dabba mai rai ba a kai ba. Ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, tun ranar da ya fara aikin ya san mahaifinsa ba zai ci moriyarsa ba, amma iyayen wasu za su ci. Zauren ya tashi tsaye ana tafi.

Na duba ƙasan bidiyon. An ɗora shi wata huɗu bayan tafiyar Yaya daga gida. Kusan shekara biyu ke nan yana yawo a duniya, mu muna nan muna aske kan Baba.

Malamin lissafi ya ga fuskata, ya janye wayarsa a hankali, ya ce in yi haƙuri, bai sani ba. Na fita bayan ajujuwa, wajen tankin ruwa, na kira Yaya. Ban gaishe shi ba, karon farko a rayuwata.

"Na ga taron."

Ya ce, "Auta, bari in yi miki bayani."

"Ka ce bai taɓa shan magani ba. Ni na ɓoye kwalbar, Yaya. A jakata ta kwana biyu."

Ya ce ban san yadda abin yake a can ba. Ɗaruruwan masu bincike ne ke neman a tallafa wa aikinsu, kowa da zanensa da lissafinsa, ba mai sauraron zane. Sai mutane sun ga fuska. Ya ce bidiyon nan shi ya hana a rufe ɗakin gwajinsu, kuma wata rana dubban mutane za su tashi su yi tafiya saboda shi.

Na ce, "To me ya hana ka roƙe shi? Ka san Baba. Da ka ce masa don aikinka ne, da ya cire har singiletin."

"Sa rai da yake yi shi ke riƙe da shi," in ji Yaya. "Ki bar shi da abinsa."

"Likitan Sakkwato ya so ya tura mu a yi masa aikin da ake da shi yanzu. Ya ƙi, yana jiranka."

Wannan bai sani ba, ko ya ce bai sani ba. Na ce ya kira Baba ranar Lahadi ya faɗa masa da bakinsa. Ya ce to. Lahadi ta zo, ina zaune ina ji, Baba ya ce, "Likita, ina labari?" Yaya ya ce ana nan ana ta takardu.

Kwana tara na yi da abin a cikina. Ina kai wa Baba abinci ban iya kallon idonsa. A rana ta goma na dawo daga makaranta na tarar da shi a zaure shi kaɗai, bai je bakin ruwa ba. Ya ce in zauna.

"Jiya wani direban jirgi ya ce ya gan ni cikin waya. Ya ce wai na faɗi, Turawa na kallo. Ke kin gani?"

Na ce na gani.

"Nuna mini. Kuma duk abin da ya faɗa ki juya mini da Hausa. Kada ki rage, kada ki gyara mishi."

Haka na yi. Ina tsayar da bidiyon jimla bayan jimla ina fassarawa, shi yana riƙe da gwiwarsa da hannu biyu don su rage rawa. Da na kai wurin ba likita ba magani, ya ce in maimaita. Da na kai wurin tumaki, ya ɗan yi wani sauti a maƙogwaro kamar dariya. Na kai wurin da Yaya ya ce ya daɗe da sanin ba za a yi wa Baba aikin ba, shi ma na juya masa, ban rage komai ba. Aka yi tafin, bidiyon ya ƙare.

Can Baba ya ce, "Ko hula bai bar ni na sa ba."

Na fashe da kuka, na ce ya yafe mini, ni na ɗauke maganin, ni na riƙe wayar.

"Ke an aike ki ne," in ji shi. "Tashi ki wanke fuska kada innarki ta gani. Ni zan gaya mata."

Mako na gaba muka koma Sakkwato. Likitan bai yi mana faɗa ba. Ya gwada Baba, ya sa shi ya taka, ya yi masa tambayoyi na tuna abubuwa, wasu ya amsa wasu suka ɓace masa. Ya canza magungunan, sun kuma ɗan taimaka. Da Baba ya fita, na tambaye shi maganar takardar nan ta babban asibiti. Ya ce shekara biyu baya da ya ƙarfafa mana gwiwa. Yanzu jikin ya yi rauni, mantuwa ta fara shiga, aikin zai iya cutar da shi fiye da amfaninsa. Na ce da mun je a lokacin, da an dace? Ya ce wannan Allah kaɗai ya sani, shi ba zai yi mini ƙarya ba.

Baba bai taɓa yi wa Yaya maganar ba. Ranar Lahadi in ya kira, sai ya karɓa ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi sanyi, ya sa masa albarka, ya miƙo mini wayar. Bai sake cewa ina labari ba, bai kuma sake ce masa Likita ba. Sunansa na yanka yake kira, cikakke, kamar yadda ake kiran baƙo. Yaya ya gane. Sau ɗaya ya fara, "Baba, game da bidiyon nan," Baba ya ce ana kiran salla, alhali da sauran lokaci.

Bakin ruwa ne ya gagare shi. Ƙafa na iya kai shi, amma ya ce ba zai zauna a gaban mutanen da ya yi wa zane a yashi ba. Jirgin da ya bari rabi wani ya ƙarasa. Ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni a gida, sannan ciwon haƙarƙari ya kama shi da farkon damina, kwana shida ya rasu.

Yaya ya iso ranar addu'ar uku. Ya yi kuka sosai, kuma na san ba na ƙarya ba ne. Da mutane suka ragu na same shi a zaure na ce abu ɗaya nake roƙo, a sauke bidiyon. Ya ce ya riga ya rubuta wa masu taron, sun ce nasu ne, ya sa hannu tun farko, kuma ko sun sauke wasu sun kwafa sun ɗora a wurare da yawa. Na ce shi ke nan. Muna gaisawa har yau, da salla da rasuwa. Na ji an ce aikinsu ya kai ga dabbobi masu rai. Ina fata ya yi nasara, don na ga abin da ciwon nan yake yi wa mutum, amma ban taɓa tambayarsa ba.

Bayan Inna ta fita takaba, wata rana da la'asar tana tsince shinkafa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Abin nan na cikin waya, yana nan?"

Na ce yana nan, amma ba abin da za ta so gani ba ne.

"Akwai muryarshi ciki?"

Akwai. Wuri ɗaya ne, kafin a ba shi kofin, inda ya dubi wayar ya yi bisimilla, ya ce, "To, ga ni." Ba mu da wani hoton Baba mai motsi sai wannan. Duk shekarun da na yi da waya a hannu ban taɓa tunanin in ɗauke shi yana aikinsa ba.

Na buɗe mata. Yaya ya bayyana a kan dandamali cikin kwat ɗinsa, ya fara magana. Inna ta kawar da kai gefe.

"Wuce wancan," ta ce. "Kai ni wurin babanku."